Ba a Gani Ba, Ba Babu Ba Ne

Ƙofar Guga, Katsina.

Zuwa ga Ɗan Rabi,

"Hajiya, wallahi ba zan taka matattakalar jirgi ba sai na zauna a zauren Malam Lawal na faɗa masa da bakina abin da ke damun Inna Rabi. Ki bar mini wannan, nawa ne."

Maganarka ce. A tsakar gidan nan ka yi ta, kana tsugune kana ɓarar gyaɗa, Babanku yana alwala yana ji. Na rubuto maka ita yadda ta fito don kada ka ce tsufa ya fara taɓa ni. Sallar layya ta zo ta wuce, an ci nama har an soye ragowar, ba mu ga ƙeyarka ba. Sai saƙo ta wayar salular maƙwabcinmu: biza ta fito, ayyuka sun yi yawa a Ibadan, a yi haƙuri, ga takardar sakamako nan tafe.

To, yanzu da na sauke wannan, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina aiki, yaya shirin tafiya? Babanku yana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka a ƙasa, Ya tsare ka a sama, Ya sa ka sauka ƙasar Turawan nan da ƙafar dama, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mun gode wa Allah da ya nuna mana soja sun koma bariki har ƙofofin karatu da aka rufe mana suka sake buɗewa, ka samu wannan gurbi. Sai dai ina roƙonka, cikin kayan mulkin farar hula kada ka ɗauki alkawari irin na kansila. Namu ya rantse zai cike kududdufin bayan ganuwa ya haƙa mana rijiyar burtsatse. Kududdufin na nan, har ya ƙara faɗi.

Kafin in ci gaba da faɗa bari in yi godiya, domin ita ta fi yawa a raina, ko da yake faɗan ya fi ta ƙara.

Innarka Rabi ta samu lafiya. Tun da ta sha ƙwayoyin nan da ka sa likita ya rubuta mata, jinin ya tsaya. Ciwon marar da ke naɗe ta kamar tabarma ya sake ta. Jiya na same ta tana tuƙa tuwon dawa da hannu ɗaya tana korar kaji da ɗayan, har tana yi musu tsiya. Rabon da in ji ta zagi kaza, na manta. Kuma tana sallarta ba yankewa. Kai namiji ne, ba lalle ka san nauyin wannan ba. Shekara da shekaru ƙanwata ba ta iya rarrabe jinin al'ada da jinin ciwo, kullum tana hanyar gidan malamar Islamiyya tana tambaya, in yi sallah ko in bari, in rama azumi ko ya yi? Ka cire mata wannan ƙaya. Ka gaya mana gaskiya cewa tabon da ya riga ya zauna ba lalle ya goge ba, haihuwa kuma ta Allah ce, mun ji mun karɓa. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka. Na faɗa a kan sallaya, yau na rubuta a takarda don ka riƙe.

Amma jiki ne ya warke. Sunanta na nan kwance.

Mai shirin tafiya kansa cike yake, don haka bari in tuna maka abin da ka bari a baya. Ni da Rabi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Tana yarinya aka kawo ta gidan nan lokacin da na haife ka, ita ta goya ka har zanenta ya koɗe, shi ya sa duk unguwa ba mai kiranka sai da Ɗan Rabi. Mijinta Malam Lawal tela ba mugun mutum ba ne, kada ka ji haushina ka zaci haka. Ya yi jinyarta shekaru bai gaji ba, ɓarin da ta yi tare suka yi kukansa. Sai ranar da ya kai ta wani asibitin kuɗi, likitan ya duba ya ga gyambo a bakin mahaifa, aka auna fitsari a madubin likita ba a ga komai ba. Likitan ya ja shi gefe ya ce, irin wannan ciwo wajen kwanciya ake ɗaukarsa. Malam Lawal ya ce a auna shi. Aka auna, lafiyarsa lau. Ya dawo gida da tambaya guda: to daga ina?

Da wannan tambayar ya ce ta zo gida ta huta. Tambayar kuma ba ta tsaya a ɗakinsa ba. Ta bi 'yan uwansa, ta bi masu kawo ɗinki, ta shiga gidajen biki. A wani gidan suna a unguwar Gobarau, Rabi ta tashi za ta kewaya, matar gidan ta yi wuf ta ɗauke butar da ke bakin ƙofa ta miƙo mata wata tsohuwar buta mai yoyo. Tun ranar ba ta sake fita ba.

Yanzu zan gaya maka kurakuraina, ba don ba ka san su ba, sai don mai tafiya nesa gara ya tafi da na uwarsa a aljihu, kada ya je ya sayi irinsu da tsada.

Na farko a kanka na yi shi. Ranar da ka ce ba likitanci za ka karanta ba, aikin ɗakin awo kake so, na ce maka, "Duk karatun nan da ka sha a kan fitsarin mutane zai ƙare?" Ka tashi ka fita. Shekaru ina koyarwa, in abokan aiki suka tambaye ni a ofishin malamai sai in ce, "Yana wajen asibiti," in bar su su zaci abin da suka ga dama. Ga shi fitsarin da na raina shi ne ya yi magana ranar da likita ya yi kuskure, malamai suka rasa ta cewa, ni mai yawan karatu na yi tsit.

Ina tuna zuwanka hutu ka tarar da ita a ɗakina. Ba ka tambaye ta abin da kowa ke tambaya ba. Cewa ka yi, "Inna, shekarun nan da famfo ya ƙafe, ina kuke samun ruwan wanka?" Ta ce, "Ina kuwa? Abin da 'yan garuwa suka kawo. In na rijiya ya yi wuya ai na kududdufi ne." Ka ce, "Da kuna yara fa?" Muka yi dariya ni da ita, don a kududdufin nan muka koyi wanki, a ciki muka koyi faɗa. Sai ka ce kana zaton tsargiya ce. Na ce maka tsargiya ciwon yara maza ne masu wanka a tafki, kuma an auna an ce babu.

Ka zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Ka ce tsutsar daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fata, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Yaro yakan fitar da ƙwan da yawa, madubi ya gan su nan da nan. Babba kuwa kaɗan yake fitarwa, wata rana ma ba ko ɗaya, sauran suna maƙale a cikin nama suna yin gyambo, a mace har mahaifa. Ka ce miji ba ya ba matarsa, mata ba ta ba mijinta, ruwa ne kawai. Na ce, to in madubi bai ga ƙwai ba, kai da me za ka gani?

Amsarka ce ta kama ni, don da aikina ka ba ni ita. Ka ce, "Hajiya, in kika tsinci yagaggen gefen takarda a ƙasan aji, ba suna, ba komai, kina gane mai ita?" Na ce ko layi rabi ne na san rubutun kowace yarinya. Ka ce to kowace halitta Allah Ya yi mata rubutunta a cikin ƙwayoyin jikinta, na mutum daban, na tsutsa daban, kuma ɓurɓushin na tsutsar yana biyo fitsari ko da ƙwai bai biyo ba. Sai dai ya yi ƙanƙanta, ido ba ya kama shi. Shi ne kuke sa shi a injin da ke zafi yana sanyi, yana kwafar layin nan guda yana maimaitawa, kamar injin da muke gurza takardun jarrabawa, har ya taru ya fito a ga sawunsa. Ka ce injin layin tsutsar kawai aka ce ya nema, in ba ya nan ba abin da zai kwafa.

Ni ce 'yar aike tsakaninka da ita, don ba za ka iya miƙa wa Innarka takardar tace fitsari hannu da hannu ba. Ka ce a yi da rana tsaka, a tace, a shanya a inuwa inda ƙuda ba zai sauka ba. Na kifa mata rariya a kan rumbu. Washegari ka sa takalman roba har gwiwa da safar hannu ka shiga kududdufi kana tsintar katantanwa, masu wucewa suna cewa ɗan Malama ya yi digiri ya dawo kamun kwaɗi. A da da na ji wannan sai in rufe ƙofa. Ranar, a bakin ganuwa na tsaya na riƙe maka kwalba. Daga baya ka aiko cewa cikin katantanwar wasu tsutsar shanu suke ɗauke da ita, wasu ta mutane, a madubi kamarsu ɗaya sak, rubutun ne ya raba su. Kuma rubutun da ke takardar Rabi na ta mutane ne, irin na kududdufinmu.

Don haka ga shawara: a can kada ka ji kunyar aikinka. In an tambaye ka me kake yi, ka ce fitsari kake aunawa, ka faɗa da ƙarfi. In wani ya kira ka likita don ya girmama ka, ka gyara masa. Rigar da ba taka ba, ko ta yi maka kyau, tuntuɓe za ta sa ka.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, kuma kai ka nuna mini shi. A danginmu ni ce mai karanta Turanci, duk takardar asibiti gabana ake kawowa. Da Malam Lawal ya kawo takardar awon farko, mai awon ya rubuta gaskiyarsa: ba a ga ƙwai ba. Ni kuwa na ɗaga kai na ce musu, "An ce babu." Na gajarta, kamar yadda kowa ke yi. Da irin "babu" ɗin nan likita ya yi hukuncinsa, da ita Malam Lawal ya tafi gida. Ni da na yi shekaru ina jan kunnen yara a kan fassara.

Abin haushin, mun san bambancin tun muna ƙanana. Duk ƙarshen Sha'aban mutanen garin nan suna fita bayan gari neman jinjirin wata. In hadari ya rufe, ba wanda ke dawowa ya ce babu wata. Cewa ake ba a gani ba, a cika lissafi, a sake dubawa. Mun iya wannan ladabi a kan wata, muka kasa yin sa a kan mace.

To ka riƙe. Inda idonka ya tsaya, nan bakinka zai tsaya. In ba ka gani ba, ka rubuta ba ka gani ba, kuma ka bi takardar ka tabbatar wanda zai karanta wa masu ita bai gajarta ba. Injin naka ma kada ka mayar da shi waliyyi. Kai da kanka ka ce mini in ɓurɓushin awon wani ya faɗa cikin na wani sai ya yi maka ƙarya da fuska a sake, shi ya sa ka maimaita na Rabi kafin ka buɗe baki. Ka ci gaba da wannan tsoron, shi ne mutuncin aikinka. Za su ba ka kwalabe masu lamba ba suna. Ka riƙa tunawa kowace lamba tana da miji ko mata, tana da maƙwabta, tana da gidan sunan da take so ta shiga.

Yanzu ga abin da takardarka ta yi da ta iso. Babanku ya sa babbar riga ya kai ta shagon Malam Lawal da kansa. Ka san Babanku, da zai iya da sulhu zai yi tsakanin wuta da auduga. Ya dawo ya zauna bai cire hula ba, na san ba daɗi.

Ya ce Malam Lawal ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya kalli hoton nan mai layi-layi fari a kan baƙi, ya ce, "Yaya Malam, mi ne ne wannan? Samfurin saƙa ne aka aiko mani?"

Babanku ya ce, "Sakamako ne. Wannan layin shi ne tsutsar."

"Wanne? Wannan ko wannan?"

Babanku bai sani ba. Ya nuna na tsakiya don kada a ce ya yi son kai.

Malam Lawal ya buɗe akwatin keken ɗinki ya fito da tsohuwar takardar ya ajiye su gefe da gefe. Ya ce, "Ga takarda ta ce babu, ga takarda ta ce akwai. Ta farko likita ya sa hannu. Ta biyu ɗanta ya sa. Wane ɗa ne ba zai wanke uwar goyonsa ba?" Can ya ce, "Wallahi Yaya Malam ina so in yarda. Ba na barci. Amma ina da tambayoyi, takarda kuwa ba ta amsawa. An ce yaron zai zo. In gaskiya gare shi, mi ya hana shi zuwa?"

Ka ji? Rashin zuwanka ya zama shaida a kanta. Yayyensa sun matsa masa ya rubuta saki a huta. Ya ce musu zai jira har ka tafi. In ka tafi ba ka zo ba, ya san amsa.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ba aure nake roƙar mata ba. Ko ta koma ko kada ta koma, ita ta sani, kuma ban ga alamar ta yanke ba. Na tambaye ta, ta ce, "Yaya, ni ba ɗakin nake wa kuka ba. So nake in shiga gidan mutane a miƙo mani butar da kowa ke ɗauka." In sakin nan ya fito a kan wannan zargi, shi ke nan an buga masa hatimi. Da shi za ta tsufa, da shi za a yi mata wanka. Wannan ne kawai a gabana.

Kuma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ita ke kare ka. Da na fara faɗa ranar da saƙonka ya zo, cewa ta yi, "Ki ƙyale mani ɗana. Ya yi mai wuyar. Ta yaya yaro zai zauna gaban manya yana zancen marar uwarsa?" Na ce mata yaron da ya shiga kududdufi har gwiwa gaban duk Ƙofar Guga? Ta ce, "Wancan ruwa ne, wannan mutane ne."

Ta fi ni saninka. Ba biza ce ta hana ka ba, mota na zuwa Katsina kullum. Kunya ce. Nan kuma kuskurena na uku yake, don a hannuna ka koye ta.

Kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka gaban mutane ba, in kana kuka sai in kau da kai in ce Rabi ta zo ta ɗauki ɗanta. Wannan ban yi nadamarsa ba. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi, kuma wanda ya san mu ya san ba ƙi ba ne, girmamawa ce da ta fi ƙarfin baki. Amma ban tsaya nan ba. Na haɗa komai na zuba a tukunya ɗaya na kira shi kunya. A gidan nan ba a cewa mara, sai "ciki". Ba a cewa jini, sai "abin nan". Rabi ta yi shekaru tana ce mini "abin nan ya dawo", ina ce mata Allah Ya sawwaƙe, ba wadda ta taɓa tambayar ɗaya wane abu, daga ina, yaushe. Na karanta littattafan fiƙihu, na ga malaman da suka rubuta su ba su ji nauyin kiran kowace gaɓa da kowane jini da sunansa ba, don a san hukunci. Na rufe littafin na ci gaba da cewa "abin nan". Ka tashi a cikin wannan, ka iya gano tsutsa a ɓurɓushi, ka kasa kiran sunan inda take zaune.

Shawarata: kunya iri biyu ce, ka tafi da ɗaya ka bar ɗaya a tasha. Wadda ke hana ka ɗaga murya gaban babba, ta hana ka kallon abin da ba naka ba, ta hana ka cin abin da ba ka san asalinsa ba, ka riƙe ta da kyau, za ka buƙace ta a can fiye da rigar sanyi. Wadda kuwa ke rufe maka baki alhali wani na nutsewa da shirunka, wannan tsoro ne ya ɗaura rawani. Ilimin da ba za ka iya faɗarsa da Hausa a zauren tela ba, bai gama zama naka ba, ko Turawa sun tafa maka.

Ba zan ce ka yi abin da ni ban yi ba. Ka tuna lokacin da ka ba ni takardar tacewa guda biyu, ka ce ɗaya ta Inna Rabi, ɗayar kuma, ka kalli ƙasa, "ko da wani a gidan zai so"? Na gane wanin. Na ce maka Allah Ya kiyaye, in ba ɗan fari fitsarina? Na jefa ta cikin akwati. To ka duba cikin ambulan ɗin nan, akwai ƙaramar leda a naɗe. Tawa ce. Da rana tsaka na yi, na tace, na kifa rariya, yadda ka koyar. Babanku ya gani a kan rumbu ya ce mene ne, na ce aikin makaranta ne, ya ce ai kin yi ritaya, na ce wannan makarantar yanzu na shiga. Ruwan da Rabi ta yi wanka da shi, da shi na yi. Ka auna. In akwai ka ce akwai. In ba ka gani ba, ka san yadda za ka rubuta.

Saura magana ɗaya. An ce mini jirginka ranar Lahadin ƙarshen watan nan zai tashi. Juma'ar da za ta zo kafin ranar, in an sauko daga masallaci, Malam Lawal da yayyensa suna zama a zaurensu kamar kullum. Babanku zai raka ka. Ba na so ka je da faɗa, kuma kada ka je da Turanci. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka zauna ƙasa, ka ba su labarin yagaggen gefen takarda yadda ka ba ni. Ka nuna masa layin da Babanku ya kasa nunawa. Ka bar shi ya yi tambayoyinsa har su ƙare, ko sun yi maka nauyi, ka amsa kowace da sunanta. In ya ce a sake awon a hannun wanda ba ɗanta ba, ka ce to, ka faɗa masa inda za a kai. Daga nan ka zo ka ci tuwon Innarka, ka kama hanya da albarkarmu.

In la'asar ta yi ranar ban gan ka ba, zan yafa mayafina in tafi da kaina. Na riga na gaya wa Babanku, ya ce mace ba ta shiga zauren maza, na ce to ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙa ba su haƙuri. Zan tafi da alli da kwalbar katantanwa, in yi musu darasin a bangon zaure yadda na iya. Zan ce wa Malam Lawal ni na karanta masa "babu" inda aka rubuta "ba a gani ba". Zan ce ya aika a kira yayarsa Hajiya Kuluwa, wadda muka yi wanki tare da ita a dutse ɗaya a kududdufin nan, ya tambaye ta ko ita ba ta san "abin nan" ba. Zan gaya musu ni ma na aika da nawa awon, in zargi ne a haɗa da ni. Wataƙila su yarda, wataƙila su ce uwa da ƙanwa ne suka haɗa baki. Bakina bai kai naka ba a wannan magana, shi ya sa nake kiranka. Amma ba zan zauna ba.

Ba zan yi maka baki ba, kada ma ka kawo wannan a ranka. Abin da ka yi wa ƙanwata ya fi ƙarfin fushina, addu'ata kuma tana bayanka ko ka zo ko ba ka zo ba. Amma in ba ka zo ba, abu ɗaya ne zai canza. Daga ranar, sunanka na yanka zan riƙa kira, gatsau, gaban kowa, kamar yadda nake kiran sunan yara a aji. A kan ambulan ma shi zan rubuta. Ɗan Rabi suna ne da aka samo a bayan Rabi, na wanda ya tsaya mata ne.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare maka sallarka da cikinka da harshenka. Ya sa abin da za ka koyo ya amfani matan da ke cewa "abin nan" daga nan har inda Hausa ta ƙare. Innarka ta ce in gaya maka ta daka maka yaji da kuka, ta ƙulle a leda biyu don kada su zube a kaya. Na ce ba zan ba direba ba. Suna nan a kan rumbu, mai su ya zo ya ɗauka.

Tun da aka raɗa maka sunanka na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Kada ka sa in koya da tsufana.

Wassalam,
Mahaifiyarka.